Langa Mai Jan Fure

Kontagora,
gab da azumi

'Yata Nazeefa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ban da gwiwar nan tawa da ta rantse sai ta riga ni tsufa. Mutan gida duk suna gaishe ki.

Na san za ki ce me ya kai Goggo rubuta wasiƙa a zamanin waya. Kunne ne. Rannan da kika kira, ke kina can kina zuba, ni ina nan ina ta "na'am, na'am", har muka rabu abin da na tsinta kawai shi ne an ɗauke ki daga asibitinku an kai ki inda ake killace masu korona, can wajen Idu. Shekarun da na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu ba za su tashi a banza ba, gara in koma ga biro. Kabir direba, mai kai albasa Abuja, ya ce duk da an rufe hanyoyi ba a hana motocin abinci wucewa, kuma daga tashar Utako zuwa inda kike ba nisa. Shi ne ɗan aikenmu.

Ga dambun nama nan na yi miki da hannuna, na cika yaji don na san bakinki. Amma ki dubi abin da na zubo shi a ciki. Langar nan mai jan fure ta mahaifiyarki ce, Kauthar, Allah ya jiƙanta. Tun tana amarya a gidan ƙanena langar ke yawo tsakaninmu ta kan katanga. Ta aiko da fura, in mayar da gyaɗa. In aika da ɗanwake, ta mayar da sabulu ko ƙwai. Ba ta taɓa tsallake katangar nan wayam ba. Zuwanta na ƙarshe, uwarki ce ta aiko min da ita cike da alkaki. Kafin in mayar ciwo ya kwantar da ita, sai ga ki a hannuna kina rarrafe, langa kuma a kan kabad. Yanzu da kika zama mutum, har gwamnati ke nemanki da suna, na ga lokaci ya yi in mayar.

Saura ke. Kin san ba a mayar da kwano haka nan. Ba tsada nake so ba, ko ashana kika jefa ta wadatar, ni dai in girgiza in san da abu a ciki.

Ki ci abinci. Ki rufe hanci yadda suka ce. Allah ya tsare min ke.

Goggonki,
Rekiya

*

Idu, Abuja,
farkon azumi

Goggona,

Barka da shan ruwa. Ina lafiya ƙalau, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki daina hawa kujera kina ɗauko abu a kan kabad, na san ta haka kika sauko da langar.

Da na buɗe ta sai da na zauna. Ƙamshin tsakar gidanki ne ya fito gaba ɗaya. Ban taɓa sanin labarinta ba, Goggo, kullum ina ganinta a sama na ɗauka kayan ado ce. Na yi kuka kaɗan, sannan na ci da yawa.

Aiki muna ta fama. In za mu shiga wurin marasa lafiya sai mun sa kayan kariya tun daga kai har ƙafa, da takunkumi, da tabarau, da safar hannu biyu. In na fito na cire takalmin roba sai in tsiyayar da gumi kamar na taka kwata. Ba wanda ke gane wani, don haka muke rubuta sunayenmu a ƙirji. Wata tsohuwa da ba ta karatu takan ce, "Kira min mai idon nan." Ni ke nan. Ranar Talata ta rasu, hannuna a cikin nata, amma ba fatata ta taɓa ba, roba ce. 'Ya'yanta suna can bakin ƙofa, ba a bar su sun shigo ba.

An ba mu masauki kusa da wurin aiki, ba ma zuwa ko'ina. Ta taga ina hango layin dogo, shiru, jirgi ya daina tafiya. Can gaba kuma manoman Jiwa na ta huɗa tunda ruwa ya sauka. Nakan tsaya in kalle su in ji daɗi, su dai ba abin da ya canza musu.

Abokiyar ɗakina Sista Perpetual ce, 'yar Kagoro, ta girme ni. Ba ta azumi, amma ba ta taɓa bari in sha ruwa ni kaɗai ba. Da an kira magariba za ta baje tabarma ta ce, "Oya, kawo kwanon Mama." Tare muke sa hannu. Hawaye na zuba don yaji, tana cewa wannan mata ta Kontagora so take ta kashe ta, hannu kuma yana komawa. Ta ce in gaishe ki.

Abu ɗaya ne, gabana kan faɗi ba dalili, ko waya ce ta yi ƙara sai in ji zuciyata a maƙogwaro. Gajiya ce, kowa a nan haka yake.

Langa sai zuwan Kabir na gaba, da sauran dambu a ciki. Kuma ba ashana zan saka ba, kada ki raina ni.

'Yarki,
Nazeefa

*

Kontagora,
goman ƙarshe

Nazeefa,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Kabir ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba langa ba takarda. Na ce ko dambun ne ya yi albarka har yanzu bai ƙare ba? Na sa an kira min wayarki don a saurara a gaya min, ba a ɗauka.

Ga dubulan da cincin na Sallah a leda, tunda kwanona ya samu wurin zama a birnin tarayya. Ki ba Perpetual nata, wannan ba yaji. Ki rubuto ko layi biyu ne, hankalina ba a kwance yake ba.

Goggonki

*

Goggo,

Ina lafiya. Don Allah kada ki sake aiko min da komai. Langar ma ki bar maganarta, ba za ta dawo ba. Kada ki sa a kira ni, aiki ya yi yawa. In kin gama karanta wannan ki ƙone ta ki wanke hannu.

Nazeefa

*

Kontagora,
bayan ƙaramar Sallah

Nazeefa,

Ina gaishe ki, don ni an koya min gaisuwa. Mun yi Sallah lafiya, in kina son sani.

Na karanta takardarki, ba ta ɗauke ni lokaci ba. Ban ƙone ta ba, tana nan ƙarƙashin matashi, nakan ɗauko in sake dubawa ko na tsallake wani layi.

Kabir bai so gaya min ba, ni na matsa masa. Ya ce kin fito kin tsaya nesa da shi, kin ce ya ajiye ledar a ƙasa. A ƙasa, Nazeefa. Kika fesa mata magani kamar an ga kyankyaso, sannan kika ce mai gadi ya ɗauka ya ci. Dubulan ɗin da na zauna da wannan gwiwar na murza. Ita kuma takardarki a cikin leda biyu kika ƙulle ta, kika ce ya shanya ta a rana kafin ya ba ni.

To na gane. Kin shiga cikin likitoci, kin koyi tsabtar da mu ba mu da ita. Hannun da ya yi miki tsarki kina jaririya yanzu shi ne abin ƙyama. Ba komai. Abincina dai ba dole, amma langa ba tawa ba ce balle ki hukunta ni da ita. Tsakanina da Kauthar ba a taɓa riƙe ta ba, ko ranar da muka yi faɗa a kan akuyarta da ta cinye min zogale, da yamma langa ta tsallako. In kin ga ta yi miki ƙauyanci a ɗaki, ki ba Kabir, ina da wurin ajiye ta.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na yi kuka ranar idi, ni da ko a makoki sai an yi da gaske ake ganin hawayena. Duk da haka ban fasa yi miki addu'a ba, wannan ba ki isa ki hana ni ba.

Rekiya

*

Idu, Abuja

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ni ne Perpetual, wanda ya cinye rabin dambunki. Ki yi haƙuri da Hausana, a kasuwa da coci na koya. Na ga wasiƙarki a kan gadon Nazeefa, na karanta ba da izini ba. In laifi ne ki ɗora a kaina.

Mama, ba ƙyamarki take yi ba. Kanta take ƙyama.

A tsakiyar azumi na kama korona. Ya buga ni sosai, har aka sa min oksijin, kwana da kwanaki ban san inda nake ba. Nazeefa ne ta yi ta dubana. Yesu ya taimake ni na tashi, yanzu ina lafiya, sai ɗan haki in na hau bene. Amma da na dawo ɗaki, ba yarinyan da na bari na samu ba.

Ta sa a ranta cewa ita ta ba ni ciwon, a cikin kwanon nan da muke ci tare. An yi mata tes, babu. An sake, babu. Ta ce injin ne bai gani ba. Na ce mata mu da muke cikin masu ciwo safe da yamma, Allah kaɗai ya san inda na ɗauka, ba ta ji. Ta ce duk wanda ta taɓa sai ya kwanta, ta lissafa min tsohuwa da ta mutu a hannunta, da wasu bayan ta, da ni. Ta ce saura Goggo.

Shi ya sa ba ta karɓi leda a hannun direba ba, kada ya ɗauki wani abu a wurinta ya kai miki. Maganin da ta fesa, ni ma ban san na mene ne ba, yanzu komai ta gani fesawa take. Da mai gadi ya tafi da dubulan ta shigo ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka.

Kwanon yana nan. Kullum sai ta jiƙa shi a ruwan bilic ta dirje, ta ce gobe za ta aika, gobe ta ce bai fita ba. Jan furen ya kusa gogewa. Hannunta kuma, Mama, duk ya tsage don wanki, sabulu ba ya kwana biyu. Ba ta barci, abinci sai na yi faɗa. A wurin aiki ba wanda ya sani, don tana yin komai daidai, har oga yana yabonta. In ta cire kaya ne take zama kamar an zare mata lakka. Ta daina tsayawa a taga. Rannan ta ce min da ba ta duniya da mutane sun huta. Wannan maganan ne ya sa na ɗauki biro.

Akwai likita da ke zuwa saboda mu ma'aikata, Dakta Abdulmajeed, na masu damuwa. Ni kaina ina ganinsa tun da na tashi, don in na rufe ido ina jin ƙaran injin nan. Ita ta ƙi. Ta ce marasa lafiya na mutuwa, ita da ƙafafunta za ta je ta ce me? Kuma wai a gida za a ce ta haukace ko imaninta ya yi ƙasa. Na ɓoye magungunan da ke ɗakin, ba na barinta ita kaɗai, na kuma gaya wa likitan. Amma maganan mutum ɗaya take ji a duniya.

Na tambayi likitan game da kwano. Ya ce kwano da aka wanke ba abin da zai kai miki.

'Yarki in kin karɓe ni,
Perpetual

*

Kontagora,
ranar da takardar Perpetual ta iso

'Yata, 'yar Kauthar,

Ina lafiya. Ki sake karanta wannan: ina lafiya, ina cin tuwo, ina faɗa da awaki. Ke ce ba ki da lafiya, kuma na sani, don haka kada ki ɓata biro wajen cewa ƙalau.

Kada ki yi fushi da Perpetual. Ta ce in karɓe ta, na karɓa, yanzu yayarki ce, ba ki da ta cewa.

Na ɗauko 'yar takardarki na sake karantawa. Kin ce in wanke hannu, ni kuma don zuciya na karanta cewa ina da datti. Malamar makaranta guda, an ba ni layi huɗu na faɗi. Ki yafe min wasiƙar nan da na aiko, ita ce ta cancanci wuta.

Ki saurare ni. Ba ke kike kashe mutane ba. Tsohuwar nan da 'ya'yanta ke bakin ƙofa, ba don ke ba da ita kaɗai za ta cika. Ta nemi mai ido, mai ido ta zo. Da roba ko ba roba, hannu ta riƙe. Ni da za a ce haka zan samu ranar tawa, na gode wa Allah.

Batun a ce kin haukace, wa zai ce? Ni ce gidan. Imaninki kuma ba a ma'aunin kowa yake ba. Gwiwar nan tawa ina tofa mata addu'a, ina kuma kai ta asibiti, ban ji liman ya ce na yi ridda ba. Zuciya ma tsoka ce, tana gajiya. Bayan rasuwar uwarki na yi wata da watanni abinci ba ya min daɗi, in na ji sallama gabana ya faɗi. A lokacin ba mu san ana kai wannan wurin likita ba, sai a ce ki yi haƙuri. Ke da Allah ya kawo miki likitan har ƙofa, ki je. Ba shawara nake ba ki ba, aike ne. In ya ba ki magani ki sha, in ya ce ki huta ki huta, Abuja ba za ta rushe ba.

Maganar da kika yi wa Perpetual, cewa da ba kya duniya da an huta, ki gaya masa ita da bakinki. Ni kuma ga amsata: ba zan huta ba. Ke kaɗai Kauthar ta bar min, ke da kwano.

Saura langa. Ki daina dirzarta, ta fita. Na janye sharaɗina, ba na son ashana, ba na son komai. Ki aiko ta wayam. Tun da aka saye ta ba a taɓa ba, to a fara a kaina, na yafe. Ni dai in gan ta in san kin iya sakinta.

Goggonki da ke sonki,
Rekiya

*

Idu, Abuja,
kafin Babbar Sallah

Goggona,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa da awaki. Kin hana ni cewa ƙalau, to da sauƙi. Wannan gaskiya ce.

Na daɗe ban amsa ba don na fi so in rubuto bayan na je aiken. Perpetual ta raka ni har ƙofa ta zauna a waje kamar mai gadin fursuna. Na shiga da niyyar in ce gajiya ce, ya ce in nuna masa hannuna, shi ke nan na fashe da kuka. Ya bar ni na yi kukana. Ya ce ciwon damuwa ne da fargaba, kuma ba ni ce ta farko da ta zauna a kujerar nan daga cikinmu ba, har da manyan da nake ganin ba abin da ke taɓa su. Na gaya masa maganar nan da bakina, yadda kika ce.

Ina shan magani, an kuma ɗauke ni daga ɗakin masu tsanani zuwa wani lokaci. Barci ya fara dawowa. Ba kullum ne da daɗi ba, Goggo. Akwai safiyar da nakan tashi in ji kamar an ɗora min buhu a ƙirji, kuma har yanzu wani abu a kaina yana ce min hannuna ba shi da kyau. Bambancin shi ne yanzu na san ciwon ne ke magana. Shekaranjiya na tsaya a taga. Masarar Jiwa ta fi ni tsawo, ban san lokacin da ta fito ba.

Likita ya ba ni aiki. Wanke hannu na wurin aiki yana nan yadda yake, ba a wasa da shi. Amma a ɗaki, in zuciyata ta ce tashi ki sake wankewa, sai in zauna in jira har abin ya lafa. Ranar farko ji na yi kamar zan mutu. Perpetual ta kama hannun nawa ta riƙe, fata da fata, tana ba ni labarin surukarta har na yi dariya. Rabona da taɓa mutum ba roba tun azumi.

Ga langa nan. Na wanke ta sau ɗaya, da ruwa da soso kamar kowane kwano, na miƙa wa Kabir hannu da hannu. Ina rubutun nan gabana na faɗuwa, amma ta tafi. Ki yi haƙuri da furen, saura inuwarsa.

Kin ce wayam. Ban iya ba, ni ma 'yar Kauthar ce. Za ki ga sabulu guda a ciki, sabo, ko takardarsa ban ɓare ba. Cikin waɗanda na tara ne don wankin hannu. Da a watan jiya ne, da tuni ya narke. Wannan ya rage ne saboda ban buƙace shi ba.

In kin karɓa ki rubuto da wuri. Kin san dalili.

'Yarki,
Nazeefa

*

Kontagora,
washegari

'Yata,

Ina lafiya. Langa ta iso jiya da la'asar. Kafin in buɗe na kai ta kunne na girgiza, kuma duk kurumtar nan tawa, na ji.

Ban ɗauraye ta ba. Na zuba tuwona a ciki na cinye, na suɗe hannu, na kwana, na tashi. Ga ni ina rubutu, ba abin da ke damuna sai gwiwar da kika sani. Furen kuma ki bar shi, mu ma duk mun koɗe.

Sabulun ba zan yi wanka da shi ba. Na sa shi a kan kabad, daidai inda langar ta yi shekaru tana jira. Kuma ban hau kujera ba, Kabir na sa.

An ce an buɗe hanya. In likita ya yarda ki zo Sallah, ki taho da yayarki. In bai yarda ba, langa ta san hanya. Ga ta nan na sake cika ta da dambu, na rage yaji saboda mutanen Kagoro. Ku baje tabarma ku sa hannu tare.

Wurin da ke kan kabad da faɗi, Nazeefa. Zai ɗauki sabulu da yawa.

Goggonki,
Rekiya